Jitar lantarki a ƙungiyoyin gari: za ta iya riƙe gida?

Tambaya: Yaya, ina zaune a Tawa. Na koyi jita har hannuna ya fara faɗawa, ina bin kiɗan su Bombino da Mdou Moctar a waya ina kwaikwaya. Ɗinki nake yi a shagon babana, amma zuciyata tana Agadas. Shin mutum zai iya rayuwa da jitar lantarki a ƙungiyoyin gari, ya yi aure ya riƙe gida, ko da bai taɓa yin suna a waje ba? Ta ina ake farawa?

Amsa: Ƙanena, sannu da ƙoƙari. E, akwai magidanta a Agadas da jita ce ta yi musu aure, ita ke biyan haya da kuɗin makarantar yara. Sai dai kusan kowannensu yana da wata sana'a a gefe, kuma rayuwarsu ta yi nisa da abin da kake kallo a waya. Na daɗe ina riƙe jita ta biyu, wato mai riƙe kiɗa daga baya, a ƙungiyoyin biki na garin, yanzu kuma gyaran amfilifaya da ba da hayar kayan sauti sun fi cin lokacina. Na ga waɗanda suka ɗore, na ga waɗanda suka sayar da jitar suka tafi haƙar zinariya.

Waya tana nuna maka dandamali a Turai ko Amurka, da fitilu, da dubban mutane. Abin da ke ciyar da makaɗin jita a nan kuwa biki ne: aure, suna, wani lokaci taron siyasa ko walimar wanda ya samu muƙami. Bayan la'asar ake farawa. An tare lungu ko an share fili a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi da darduma, mata sun zauna a jere cikin kwalliya, samari sun kewaye wurin bisa babura, yara har bisa katanga. Ku kuna jingine da bango, sifika bisa kujera, janareta can nesa a ƙarshen doguwar waya don kada ƙararsa ta shiga makirfo. Mai ganga ya danne babbar gangarsa da dutse don kada ta riƙa tafiya cikin rairayi. Mutum biyu ko huɗu su fito fili su taka, ku bi su. Su koma, wasu su fito. Waƙar da ka haddace a minti biyar za ta iya kaiwa minti ashirin idan rawa ta yi daɗi, za a iya kuma katse ta tun ba ta yi nisa ba don uwar amarya tana son a kira sunan ƙawarta. An kira magariba ku ajiye, a yi salla, idan akwai na dare ku dawo. Haka za ka yi sa'o'i a tsaye, ƙura a maƙogwaro, idonka a kan ƙafafun masu rawa.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin wahalar da za ka daure ka wuce kafin a zo ga ainihin aiki. Shi ne aikin. Omara Moctar, wanda duniya ta sani da Bombino, yana yaro ya shiga ƙungiyar Haja Bebe a Agadas, a can ma aka laƙaba masa sunan saboda shi ne ƙaraminsu. Mdou Moctar ya sha kiɗan aure kafin wani a waje ya ji sunansa. Can inda kiɗan rok ya samo asali ma haka abin yake. Jimi Hendrix ya yi shekaru yana kaɗa wa mawaƙa irin su Little Richard jita a baya kafin ya tafi Landan a 1966. Ƙungiyar Van Halen ta daɗe tana kiɗa a tsakar gidajen mutane a Pasadena da ƙananan wuraren rawa, tana kaɗa waƙoƙin wasu, kafin faifanta na farko a 1978. A kowane gari, idan ka ga guda ɗaya da ya fita duniya, akwai tarin wasu da suka tsufa suna kaɗa wa maƙwabtansu, cikinsu har da waɗanda suka fi shi hannu.

Idan kana neman wanda za ka sa a gaba, dubi Etran de L'Aïr. 'Yan gida ɗaya ne daga unguwar Abalane, sun fara a 1995 da jita ɗaya marar lantarki. Gangarsu ƙwarya ce kife a cikin ruwa ana dukanta da takalmi, irin kiɗan ruwan da mata ke yi a ƙasar Hausa. Sukan ɗauki kaya a kafaɗa su taka da ƙafa zuwa ƙauyuka. Bukukuwan talakawa suka riƙe, waɗanda manyan ƙungiyoyi ba sa waiwaya. Faifansu na farko da ya fita waje sai a 2018, shekara 23 bayan farawa. Duk tsawon wannan lokaci biki ne ya riƙe su, kuma mutanen gari sun san su sarai tun kafin Bature ya sani. Ka lura da wani abu a kiɗansu: akwai na Abzinawa, akwai na Hausa, akwai na Zabarmawa, har da salon Kwango. Agadas mahaɗa ce, yau kana bikin Ba'abzine, gobe na Bahaushe, jibi na Tubawa ko Larabawa, kuma kowa yana son ya ji na gidansu. Wanda salo ɗaya kaɗai ya iya, rabin bukukuwan gari sun wuce shi.

Tun da daga Tawa za ka zo, ya kamata ka san abin da za ka ɗauka a hannunka. Wannan kiɗa bai tsufa ba. Farin 1973 da na 1984 ya kashe dabbobi, ya kori matasan Abzinawa zuwa ci-rani a Aljeriya da Libiya, a can suka ɗauki jita suka zuba mata waƙoƙin kewar gida da na siyasa. Daga Mali aka samu Tinariwen, a Nijar kuma Abdallah Oumbadougou, Allah ya jiƙansa, shi ne uban tafiyar. Lokacin tawayen Abzinawa na farko a Nijar kaset ɗinsa a ɓoye yake yawo, wanda aka kama da shi ya shiga uku. Sai bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 jita ta fito fili ta shiga gidan biki, aka haɗa ta da gangunan Turawa, kiɗan ya ƙara sauri da zafi, shi ya sa na Agadas ya fi na Kidal ta Mali gudu. Da tawaye ya dawo a 2007 aka sake hana ta. Bombino ya rasa abokan kiɗansa biyu, ya gudu Burkina Faso, bai dawo ba sai Janairun 2010, lokacin da ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas. Na kawo maka wannan ne don ka san cewa wasu waƙoƙin da kake kwaikwayo a waya akwai jini a bayansu. Kada ka rera abin da ba ka san ma'anarsa ba. Koyi Tamashek gwargwadon iko, ka tambayi manya wace waƙa ce ta gidan aure, wace ce idan an sa ta tsofaffi ke yin shiru.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji. Kowane yaro da ya zo wurina solo yake son yi: ya tsaya a gaba, yatsu na gudu, mata na guɗa. Masu solo sun yi yawa a gari. Wanda ake nema ruwa a jallo shi ne mai jita ta biyu da zai riƙe kiɗa ɗaya na tsawon rabin sa'a bai yi sauri ba, bai ja baya ba, bai gaji ya fara ƙawata abin da ba a sa shi ba. Kai tela ne, za ka gane: solo shi ne surfanin wuyan riga, jita ta biyu ita ce ɗinkin da ya haɗa rigar. Masu rawa ba solo suke takawa ba, hannun damanka da ƙafar mai ganga suke bi. Ka goce kaɗan, za ka ga mace ta tsaya tsakiyar fili ta juyo tana kallon ku, ita ba ta san mi ko sol ba, wato sunayen sautukan kiɗa, amma jikinta ya gaya mata wani abu ya karye. A ƙungiyar Mdou Moctar ka saurari Ahmoudou Madassane, ka cire kunnenka daga solo ka bi shi shi kaɗai daga farkon waƙa har ƙarshe. A ƙungiyar AC/DC, Angus Young ne ake ɗauka hoto, amma duk makaɗin da ya san aiki zai ce maka yayansa marigayi Malcolm, wanda ya saba tsayawa a baya kusa da ganguna, shi ne ƙashin bayan kiɗan. Mai jita ta biyu da aka yarda da shi ba ya rasa aiki. Shugaban wannan ƙungiya ya kira shi yau, na waccan ya aro shi gobe, domin shi ba ya gasa da kowa a gaban mata, kuma da shi kowa ke fitowa da kyau. Mai solo yana da tashe, tashen ya wuce idan wani sabon yaro ya taso. Na biyu yana tsufa da aikinsa.

Hanyar koyon wannan ba a waya take ba. Kiɗan Agadas daga tende ya fito, da takamba, wato kiɗan molo da ƙwarya. Tende turmi ne da aka rufe bakinsa da fata, mata ke kaɗa shi suna waƙa ana tafi. Duk inda ka ji ana yi, je ka zauna ka yi tafi tare da su har ya shiga jikinka. Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad, nan kusa da ku ta wajen Abalak, waƙoƙin tende ta ɗauko ta ɗora a jita, ka saurare ta za ka ji yadda ɗayan ya zama ɗayan. A hannu kuwa, babban yatsa yana dukan tsirkiya mai kauri ba tsayawa, manuni yana fitar da waƙa a sirara, yatsun hagu suna dannawa suna saki da sauri har bugu ɗaya ya ba da sauti uku. Ɗaurin tsirkiyoyi shida da aka saba, daga mai kauri zuwa siririya, shi ne mi, la, re, sol, si, mi, amma da yawa suna ɗaga mai kaurin daga mi zuwa sol don ta riƙa amo a ƙarƙashin waƙar. Yawancin waƙoƙin sautuka biyar ne, kamar na gurmi da molo, don haka kunnenka na Bahaushe ya riga ya san hanya. Samu mai ganga, ko mai ƙwarya, ku riƙa zama ku biyu kuna riƙe abu ɗaya har ya gundure ku, sannan ku ci gaba. Idan ka iya taɓa bas, jitar nan mai kaurin murya, ko ganga ma, ƙofarka ta zama biyu.

Batun kuɗi. Shugaban ƙungiya ne ke ciniki da masu biki, a ba shi kafin alƙalami, sauran a cika ranar. Daga abin da aka samu ake fitar da man janareta, da kuɗin motar da ta kwaso kaya, da hayar kayan idan ba naku ba ne. Abin da ya rage shi ake rabawa, shugaba ya fi kowa, sabon yaro mai ɗaukar sifika da naɗe waya a ba shi na shayi. Sai liƙi, wanda wata rana yakan fi kuɗin cinikin. A nan ne zumunci ke lalacewa. Kuɗin da aka liƙa a goshin mai waƙa, nasa ne ko na kowa? Wata ƙungiya tana tarawa cikin akwatin jita a raba bayan an tashi, wata kuwa wanda aka liƙa wa shi ke sa wa aljihu, kai da ke baya kana kallo. Tambayi wannan tun kafin ka shiga, a gaban shaida, ba kunya. Na ga 'yan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan liƙin dare ɗaya.

Kuma ka riƙe wannan: mai kaya shi ne mai ƙungiya. Wanda ya mallaki amfilifaya da sifikoki da ganguna da janareta yana da kasonsa ko ya taɓa tsirkiya ko yana gida kwance. Makaɗin da ya fi kowa hannu amma ba shi da ko waya tasa, yaron wani ne har ya tsufa. Duk abin da ka samu, ka ware wani abu don kaya. Fara da jitarka da wayarka, sai ƙaramin amfilifaya, sai makirfo. A hankali za ka ga ana kiranka don kayanka ranar da ba a buƙatar hannunka, kuma wannan ne kuɗin da ke shigowa lokacin da ƙarfin tsayuwar dare ya fara raguwa.

Kada ka damu da sunan kamfani. Mafi yawan jitocin da ke yawo a nan kwaikwayon wata jitar Amurka ce mai suna Stratocaster, ƙirar Sin, kuma suna aiki. Abin dubawa shi ne wuyan ya miƙe, maɗauran tsirkiya suna riƙe ɗauri, bakin da ake soka waya ba ya rawa. Sautin nan mai kaushi da Turawa ke yabawa, asalinsa ƙananan amfilifaya ne da aka ƙure musu murya don su rufe hayaniyar biki, saboda haka kada ka zuba kuɗi a akwatunan canza sauti tun yanzu. Abokan gabarka uku ne, ƙura da zafi da wuta. Ƙura tana shiga maɓallan sauti su fara ƙarar-ƙarar, ka riƙa rufe kaya da zane ko ana tsakiyar hutu. Da hunturu itacen wuya yana bushewa ya tsuke, ƙarafunan da ke jere a kansa su fito gefe suna yankar hannu, sai an goge su da zarto mai laushi. Kada ka bar jita a rana ko cikin rufaffiyar mota. Goge tsirkiya da tsumma duk bayan wasa, gumi ne ke cinye ta, kuma kada ka fita ba siririyar mi ta ajiya a aljihu, ita ce ke tsinkewa, a wasu lokuta kuma sai an aika Yamai ko Kano kafin a samu. Ba a fafe gora ranar tafiya: daren jajibiri ake gwada kowace waya.

Wuta kuwa ita ce ke kawo mini aiki a shago, ita ce kuma ke ba ni tsoro. A tada janareta a bar shi ya daidaita tukuna. Amfilifaya shi ne na ƙarshe a kunnawa, na farko a kashewa. Kada ka yarda a jona firji ko injin ƙanƙarar masu biki a layinku, duk lokacin da ya tashi wuta za ta faɗi ta dawo da ƙarfi, haka ake ƙona kaya. Sayi sitabilaiza kafin ka sayi sabuwar riga. Idan ka kai baki kusa da makirfo ka ji ya ɗan ja ka a leɓe alhali hannunka na kan tsirkiya, tsaya nan take, babu wayar ƙasa a haɗin. Kada ka yi kiɗa ba takalmi a ƙasa mai danshi. A 1972 wani makaɗin jita ɗan Sikotland, Les Harvey, ya mutu a kan dandamali a Swansea ta wannan hanya, gaban masu kallo. Ka koyi like waya da dalma, aikin yini ɗaya ne, zai cece ka a tsakiyar biki, har wasu su riƙa biyan ka.

Dalilin da ya sa na ce kada ka dogara da jita kaɗai shi ne aikin yana da damina yana da rani. Gabanin azumi bukukuwa suna cunkushewa har ku rasa barci, watan azumi kuwa ko ɗaya babu, sai bayan salla a dawo. Rasuwar babban mutum a unguwa tana ɗage biki. Sannan kuɗin biki kuɗin gari ne. Lokacin da masu yawon buɗe ido ke zuwa Abzin da Tenere, makaɗa da yawa suna aikin ja-gora ko tuƙi ko dafa abinci da rana, da dare su yi wa baƙi kiɗa, Bombino kansa ya yi wannan aiki. Tawayen 2007 da sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a Satumban 2010 suka kashe wannan kasuwa. Zinariyar Jado ta ɓullo a 2014, aka ga aure na kece raini, aka kuma rasa makaɗan da suka bi sahun masu haƙa. Dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure zuwa Libiya ta tsayar da motoci da yawa, muka ji a jikinmu, domin direban da aka kama motarsa ba ya ɗaukar ƙungiya ranar auren ƙanwarsa. An soke dokar a Nuwamban 2023. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da makaɗi ke da iko a kai. Shi ya sa za ka tarar mai bas makanike ne, mai ganga yana kabu-kabu, mai waƙa yana da tebur a kasuwa. Ɗinkinka ya ma fi nasu dacewa: lokacin da kiɗa ya mutu, wato azumi, shi ne lokacin da tela ba ya ɗaga kai.

Lokacin zaɓe akwai kuɗi, amma a karɓa a hannu kafin a hau mota. Mun taɓa bin wani ɗan takara ƙauye-ƙauye a bayan akori-kura, rana ta gasa mana kaya, sifika ɗaya ta fashe, bayan zaɓe wayarsa ta daina shiga. Ban da haka, wanda ka yi wa waƙa yau, abokin hamayyarsa ma yana da 'ya'ya mata da zai aurar.

Sai maganar gida, wadda ba na so ka raina. A wurinmu kiɗa don kuɗi aikin maroƙa ne a idon mutane da yawa, a wurin Abzinawa ma a da na maƙera ne, ga kuma malamai da ke ganin haramun ne. Iyayen Mdou Moctar ba su so ba, jitarsa ta farko da kansa ya ƙera da wayar birkin keke. Za ka je neman aure a ce maka ba a ba makaɗi. Babu gardamar da za ta kawar da wannan, halinka ne kawai zai rage shi. Makaɗin da ke ajiye jita idan an kira salla, ba ya kula matan mutane a gidan biki, yana zuwa a kan lokaci, ba a jin warin komai a bakinsa, a hankali unguwa tana sakin jiki da shi, kuma irinsa ake kira cikin gida inda mata suke. Nemi albarkar mahaifinka kafin ka taka ko'ina. Ka kuma nisanci tiramol. Za a miƙo maka ita a ce tana hana gajiya, kuma na ga yadda take ƙarewa: hannu na rawa, mutum ya faɗi yana shure-shure a gaban jama'a, daga nan ba mai sake kiransa. Kunnenka ma jari ne. Tsaya a gefen sifika, kada ka tsaya a bakinta, idan ka koma gida kana jin ƙara a kunne kamar ta gyare to ya fara lalacewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Abin toshe kunne ba shi da tsada.

Waƙar da ka ɗauka a waya ba za ta kawo maka kuɗi kai tsaye ba, talla ce. Mdou Moctar ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin finafinan Hausa. Ba a sayar da shi a shago ba, daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya ta Bluetooth da katin memori har ya tsallaka Mali, inda Christopher Kirkley, mai kamfanin faifai na Sahel Sounds, ya ji shi, ya sa waƙa ɗaya a wani tarin da ya fitar a 2011, ya kuma bi sawu har ya gano mai ita. Darasin da ke ciki a gare ka ƙarami ne: duk abin da ka ɗauka, ka ambaci sunanka da garinka a ciki, don ya san hanyar dawowa gare ka. Idan ka fara ƙirƙirar naka, ka yi rajistarsu a ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, a Yamai. Duk wanda ya zo da takarda da Faransanci ko Turanci, ko da murmushi ya zo, kada ka sa hannu sai wanda ka yarda da shi ya karanta maka.

Fita waje alheri ne idan ta zo. Bombino ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin 'yan takarar Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, wannan abin alfahari ne gare mu duka. Amma hanya ce siririya, ga biza, ga kuɗin jirgi, ga masu shiga tsakani kowa da kasonsa. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakoki, Mdou Moctar da abokansa suna Amurka, suka maƙale a can sai da masoya suka yi musu karo-karo. Kada ka gina lissafin gidanka a kan jirgi.

Agadas ma ba ita kaɗai ba ce. A Yamai akwai Tal National da makaɗin jita Almeida ya kafa, wadda ta yi suna da wasan sa'o'i biyar, dare biyar a mako, da makaɗa masu yawa da ke karɓar juna har ta iya rabuwa biyu ta yi wasa wuri biyu lokaci ɗaya. Irin wannan ƙungiya makaranta ce, kuma kullum tana buƙatar hannu. Akwai kuma cibiyar koyar da kiɗa ta Taya a can. 'Yan uwa na Najeriya da ke karanta wannan, ku sani naku ya bambanta: a Kano da Katsina fiyano da situdiyo da DJ sun cinye kasuwar biki, mai jitar lantarki sai dai otal-otal, da coci-coci a Jos da Kaduna, da ƙungiyoyin kiɗan soja da 'yan sanda.

Ta ina za ka fara? Daga Tawa. Nemi ƙungiyar da ke kiɗan biki a garinku ka ce za ka ɗaukar musu kaya. Idan babu, ka haɗa mutum biyu ku yi wa abokai suna da aure kyauta har a san ku. Sai ka ga ka iya tsayawa sa'a uku ba ka goce ba, sannan ka je Agadas bayan salla, da niyyar wata biyu ko uku, ka sauka wurin wanda babanka ya sani, ka nemi shagon da za a ba ka keke ka riƙa ɗinki da safe. Kada ka isa kana cewa kai makaɗi ne. Je bukukuwa, ka gaida shugaban ƙungiya, ka kama naɗe waya, ka dafa shayi, ka haddace waƙoƙinsu kana tsaye a gefe. Wata rana can dare mai jita ta biyu zai gaji ko a kira shi a waya, shugaba ya waiwayo ya miƙo maka. Duba ɗaurinta da sauri, ka rage murya kaɗan, ka kalli ƙafar mai ganga, ka kaɗa daidai abin da wancan yake kaɗawa ba ƙari. Idan an sake kiranka mako mai zuwa, sai ka yi maganar kaso.